Bayan An Kashe Macijin: Zubin Labari da Rawar Taurari a Finafinan Hausa, Dubi Daga Garu

Tsakure

Takardar ta ɗora ra'o'in zubin labari da ake koyarwa a darasin fim, musamman na Vladimir Propp da Tzvetan Todorov, a kan labaran da Hausawan zangunan arewacin Gana suke ji kuma suke kallo. Ta nuna cewa ma'aunin Propp ya zauna daram a kan labaran kafa masarautu irin na Bayajidda da Tohazie, amma ya gaza a kan fim ɗin Hausa, domin fim ɗin ya fi ta'allaƙa da abin da ke faruwa a tsakar gida bayan ɗaurin aure. Ta kawo aikin Denise Paulme a matsayin ma'aunin da ya fi kusa da abin da masu kallo suke gani.

Akta da bos

Yaron da ya saba leƙa gidan kallo a Garu ko Bawku ba ya bari fim ya yi minti goma bai raba gardama ba: ga akta, ga bos. A kudancin Gana sunayen su ne buloman da kila, har akwai zancen da kowa ya sani cewa kila sai a ƙarshen wasa yake mutuwa. Yaron ya kuma san akta zai sha duka a tsakiya, za a kashe masa aboki ko a sace masa budurwa, sannan ya farfaɗo. Bai taɓa jin sunan wani masani ba, amma ra'i yake yi, domin ya gane cewa fuskoki suna canzawa alhali gurabe suna nan yadda suke.

Abin da Vladimir Propp ya rubuta ke nan a Rasha a 1928, sai dai shi ya bi abin da ƙididdiga. Ya ɗauki tatsuniyoyi 100 daga cikin waɗanda Afanasyev ya tattara, ya feɗe su, ya ce duk yawansu ayyuka 31 ne kawai ke maimaituwa a cikinsu, kuma ko da wasu sun faɗi a wata tatsuniya, waɗanda suka rage ba sa saɓa jeri. Na farko shi ne wani ya bar gida. Na ƙarshe shi ne jarumi ya yi aure ya hau gadon sarauta. Masu aikata waɗannan ayyuka ya kasa su gida bakwai: mugu, mai ba da abin taimako, mataimaki, gimbiya da mahaifinta, mai aike, jarumi, da jarumin ƙarya. A wajen Propp ba a tambayar wane ne tauraro ko mene ne halinsa. Abin tambaya shi ne wane aiki ya yi wa labarin. Littafin ya shekara 30 kafin a fassara shi zuwa Ingilishi a 1958, daga nan ya shiga hannun masanan Faransa. Greimas ya matse gidajen bakwai suka koma shida a 1966. Todorov, ɗan Bulgeriya mazaunin Faris, ya kawo nasa taƙaitaccen zubi: ana zaune lafiya, wani abu ya dagula zaman, a gane an dagula, a yi ƙoƙarin gyara, a koma sabon zama. Amurkawa kuma suka mai da abin sana'a. Syd Field ya fitar da littafinsa na kashi uku a 1979, Christopher Vogler ya ɗauko tafiyar jarumi ta Joseph Campbell ya miƙa wa marubutan Hollywood a 1992.

Waɗannan su ne kayan aikin da ɗalibin fim ke fitowa da su daga aji, a jami'ar Legon ne ko a Jami'ar Bayero. Tambayar takardar ita ce ina suke kamawa, ina kuma suke sulɓewa.

Rijiyar Daura da tafkin Mali

Inda suke kamawa ba shi da nisa da Garu. A Pusiga, gabas da Bawku kusa da iyakar Togo, akwai wurin da ake dangantawa da Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprusi da Dagwamba da Nanumba. Makaɗan lunga na Yendi, waɗanda tarihin gidan Ya-Na ke bakinsu, suna kai salsalar Gbewaa ga wani maharbi da ake kira Tohazie, wato jan maharbi, wanda ruwayoyi da dama ke cewa daga wajen Zamfara ya fito. Ya isa ƙasar Mali ya tarar da wani ɓauna ya tare wa mutane ruwan sha. Ya kashe shi. Sarki ya ce ya zaɓi mata cikin 'ya'yansa, ya zaɓi gurguwa, Pagawugba.

Bahaushe ba ya buƙatar a gama ba shi wannan labari kafin ya ce ai na Daura ne. Bayajidda ya baro Bagadaza, ya yi zama a Barno, ya gudo, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya je ya zura guga, ya sare kan macijin ya ɓoye. A wasu ruwayoyin, da gari ya waye mutane da yawa suka yi da'awar su suka kashe, sai da aka nemi kan macijin gaskiya ta fito. Ya auri sarauniya Daurama.

Da Propp zai ji wannan da ya yi murmushi. Maƙeran Gaya su ne masu ba da abin taimako. Ayana ta haɗa gurbi biyu, mataimakiya ce kuma ita ta sanar da jarumi rashin da gari ke ciki. Maciji mugu, masu da'awa jaruman ƙarya, kan macijin shi ne shaidar da ake gane jarumi da ita, Daurama kuma ta haɗa gimbiya da mahaifinta a jiki ɗaya tunda ita ce sarauniya. Har jerin ayyukan bai goce ba. Ko fim ɗin bidiyo da ake lissafawa cikin na farko a Gana, Zinabu na William Akuffo na 1987, yana tafiya kan ayyuka biyu na Propp da ke bin juna, hani da karya hani: wata mata mai sihiri ta azurta wani talakan makanike bisa sharaɗin ya nisanci mata, shi kuwa ya kasa.

To amma labarin Daura bai ƙare da aure ba, kuma a nan ne mai wannan takarda yake son masu karatu su ɗan tsaya. Daurama ta ba Bayajidda ƙwarƙwara, Bagwariya. Bagwariya ta riga haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta sa masa Bawo, wato a ba wo garin. Mata biyu, miji ɗaya, ana aika wa juna magana da sunan jarirai kamar yadda kishiyoyi ke yi da habaici ko da sunan zane. Labarin Pusiga ma haka ya juya: rigimar gado ta shiga tsakanin 'ya'yan Gbewaa, ɗaya ya kashe ɗan'uwansa, kuma ruwaya ta ce da labarin ya iske tsohon sai ƙasa ta haɗiye shi a inda yake zaune. Propp ya rufe littafi a aiki na 31. Maroƙin Daura da makaɗin Yendi ba su rufe ba, kuma masu shirya fim a Kano wannan ragowar suka gada.

Kyamara ba ta bin matafiyi

Ana ƙirga tarihin fim ɗin bidiyo na Hausa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999, shekarar da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito ya karaɗe kasuwa, inda Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki mai son yarinyar da ke aiki a gidan sarauta, Fati Muhammad. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe da nuna cewa abu uku ne ginshiƙan waɗannan finafinai: auren dole, soyayyar mutum uku, da rawa da waƙa. A lura, babu tafiya a cikin ukun nan.

Wannan abin mamaki ne ga al'ummar da fatauci ya watsa ta. Hausawan Salaga da Yendi da Bawku jikokin ayarin Gwanja ne, waɗanda suka yi ta sintiri da kanwa da tufafi da fatu suna komawa da goron Asante, ƙarƙashin madugu da jagaba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya sake watsa su zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi. Idan akwai mutanen da suka cancanci finafinan jarumi matafiyi, su ne. Kuma an taɓa yi: Shehu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi. Propp ya raba jarumi biyu, mai nema da wanda abu ya faɗa wa. Umar na biyun ne. Mai neman ita ce uwarsa, wadda ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu. Wanda ya taɓa tsayawa a tsohuwar kasuwar bayi ta Salaga ba ya buƙatar a fassara masa wannan fim.

Sai dai Shehu Umar bai yi 'ya'ya a bidiyo ba. A fim ɗin Kano na yau da kullum Alhaji yakan yi tafiya, Legas ko Dubai ko Umara, direba ya saka jaka a but, mata su yi rakiya zuwa bakin get. Motar na fita kyamara ta juyo ciki. Aikin farko na Propp ya faru, wani ya bar gida, amma labarin ya ƙi bin sa. Tafiyar mai gida dama ce kawai ta buɗe fili ga uwargida da amarya, ko ga matar uba da marainiya.

Saboda haka gurabe a fim ɗin Hausa gurabe ne na dangantaka. Akwai uwar miji, kishiya, matar uba, ƙawa mai zuga, boka, malamin unguwa, kawu ko baffa da ake kira idan abu ya gagara, da mai gadi ko 'yar aiki da ta ga abin da bai kamata ta gani ba. Mai son Propp zai ce ai boka mai ba da abin taimako ne, ƙawa mataimakiya, kishiya muguwa. Za a iya tilasta su shiga, amma za a yi asarar abin da ya sa mai kallo ya zauna. Boka na Propp ya kamata ya ba jarumi makami, amma a nan muguwa yake ba ƙullin magani. Uwar miji kuwa ita ce ta fi ƙin shiga kowane gida. Tana iya zama tushen duk wata fitina a fim, amma ɗanta ba shi da ikon ya yaƙe ta, marubuci ma ba shi da ikon ya sa shi ya yi nasara a kanta yadda akta ke yi wa bos. Dole a nemo hanyar da za ta gane kuskurenta da kanta, ta yi kuka, ta nemi gafara, shi kuma ya durƙusa ya ce, "Haba Hajiya, ai ba ki yi mini komai ba." Muguwar da ba a yarda a kayar da ita ba, babu gurbinta a Rasha.

Jarumar ma haka. Babban aikinta haƙuri ne, wanda a ma'aunin Syd Field rashin aiki ne, domin shi yana son tauraro mai buri da ke tura labari gaba. A ma'aunin masu kallo kuwa haƙuri shi ne gwagwarmayar. A tsakar gida a zangon Garu, bayan sallar isha'i, za a ga mata huɗu ko biyar sun kewaye waya ɗaya da aka jingina da gwangwanin madara, fim ɗin da aka turo a katin waya daga shagon masu caji ranar kasuwa. Matar uba ta zuba wa marainiya ruwan wanke-wanke a tuwo. Wata cikin masu kallo ta ce, "Allah ya isa." Wata ta ce, "Yaya, bari kawai, asirinta zai tonu." Ba wadda ta ce yarinyar ta tashi ta rama. Abin da suke jira tonon asiri ne, kuma sun san ba jarumar ce za ta tona ba.

Madubi da kalangu

Masaniyar da ta fi kusantar wannan ita ce Denise Paulme, Bafaranshiya, wadda a 1976 ta fitar da nazarin ƙirar tatsuniyoyin Afirka. Ta fara da Propp amma ta ga jeri ɗaya ba zai ɗauke su ba, sai ta fitar da siffofi bakwai, ciki har da mai hawa, mai gangara, mai zagayowa, mai madubi, da wanda ta kira da sunan agogon yashi na Turawa, mai faɗin kai da gindi da siririn ƙugu. Bahaushe kalangu zai gani a wannan siffa, mutumin Yendi kuma lunga.

Zubin madubi shi ne na 'yar bora da 'yar mowa. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934, an tura 'yar bora wanki wani ruwa mai nisa don a halaka ta. Ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya, ta gaishe su da ladabi, ta bi umarnin da aka ba ta, ta dawo da dukiya. Mowa ta ga haka ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, gwaji ɗaya, amma wannan ta yi rashin kunya a duk inda waccan ta yi ladabi, ta dawo da tsiya. Propp zai kira ta biyun jarumar ƙarya ya wuce. Paulme ta ga cewa rabin labarin nata ne, kuma ma'anar tana cikin jera tafiyoyin biyu. Fim ɗin Hausa ya cika da wannan: 'yan mata biyu a gida ɗaya, ɗaya ta auri talaka mai tsoron Allah, ɗaya ta bi mai mota. Mai kallo ba ya tambayar wa zai ci nasara, yana auna hali ne da hali.

Ya dace a tuna cewa ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen tatsuniyoyin Hausa a Gana aka rubuta shi. R. S. Rattray, ma'aikacin mulkin mallaka a Gwalkwas, ya buga littafinsa mai juzu'i biyu a 1913 daga rubutun ajami na wani Malam Shaihu, shekara 15 kafin littafin Propp. Kayan gwajin suna nan tun tuni, masu gwadawa ne suka yi ƙaranci.

Zubin kalangu kuwa shi ne mutum biyu su yi musayar matsayi: na sama ya gangaro, na ƙasa ya hau, su gifta juna a ƙugu. Misalinsa mafi kyau shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, littafin 1990 da Abdulkareem Muhammad ya mayar fim a 1998. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, 'yarta Saudatu ta auri mai hali. Shi kuma gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya, ya wayi gari ba shi da komai. Rabi ba ta ɗaga masa yatsa ba ko sau ɗaya. Alhaki ne ya yi aikin da takobi ke yi a tatsuniyar Rasha, kuma alhaki ba tauraro ba ne da za a ba shi gurbi cikin bakwai ɗin nan, ko da yake sunan littafin ya ba shi ƙafafu huɗu.

A nan ne kuma Todorov ke shiga matsala. Labarin ya ƙare da dangi sun matsa wa Rabi ta koma wa mijin da ya wulaƙanta ta. A takarda wannan sabon zama ne, mataki na biyar ya cika. Amma zaman wa? Tun farkon labarin Rabi ba ta cikin zaman lafiya, da kuɗin cefanen da bai isa ba take fama. Lokacin da ta fi samun sararin kanta shi ne tsakiyar labari, wato daidai inda Todorov zai ce an dagula. Marubuciyar ta san abin da take yi, ta ba al'ada ƙarshen da take so, ta bar mai karatu da ɗaci a baki. Ɗalibin da ya cike gurabe biyar na Todorov ya miƙa wa malami zai ci maki, amma bai ga fim ɗin ba.

Akwai kuma hannun hukuma a yadda labari ke ƙarewa. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, mai shirya fim ya san ba a barin mai laifi ya ci bulus. Hollywood ta yi irin wannan zama ƙarƙashin dokar Hays daga 1934, inda ɗan fashi zai yi sharafinsa minti tamanin sannan a harbe shi a minti biyar na ƙarshe. Shi ya sa ƙarshen finafinan Kano da yawa yake zuwa a guje: hatsarin mota, hauka, boka ya tona asiri da bakinsa, sai falo ya cika da dattawa a yi nasiha. Mai nazari ya kamata ya bambance ƙarshen da labari ya haifa da wanda aka ɗaura masa don ya wuce tacewa.

Gizo, da waƙar da ke tsayar da agogo

Taurari biyu sun rage da ba su da masauki a waɗannan ra'o'i. Na farko Gizo ne, wanda Asantawa ke kira Ananse. Shi ne jarumin labarinsa kuma shi ne mugun, yana cin amanar Ƙoƙi da safe ya cuci kura da yamma, wani lokaci ya sha, wani lokaci ya sha kashi, gobe kuma ya dawo bai koyi komai ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, wannan gurbi ya riƙe shekaru da yawa. Finafinansa ba su da kashi uku. Jerin dabaru ne, kowace ta ɗaure ta kwance a cikin minti kaɗan, ana iya cire ta uku a sa ta bakwai ba abin da zai lalace. Malam Zurƙe na littafin Imam ma ɗan gidan ne: abokin gaba ne ga Alhaji Imam kuma abokin tafiya, suna rama wa juna mugunta gari bayan gari. Ba mamaki Ibro ya karɓu a wurare irin Bawku da Garu, inda Hausa harshen kasuwa ce ga Kusasawa da Bisa da Mosi da Bimoba. Wanda Hausarsa ta ciniki ce kawai zai iya rasa zaren rikicin gado, amma ba zai rasa inda Ibro ya faɗa kwata ba.

Na biyu ba mutum ba ne, waƙa ce. Brian Larkin ya nuna a 1997 yadda finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu gidajen silima suka riƙa kawowa arewacin Nijeriya, suka ba matasan Hausa hanyar tunanin soyayya da auren dole ba tare da sun bi ta Turai ba, ya kuma kafa hujja da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Daga finafinan Indiyan aka ɗauko waƙa. A lissafin Field minti shida na rawa a lambu ɓata lokaci ne tunda labari bai motsa ba. Amma a fim ɗin da namiji ba ya taɓa mace, kuma kunya ta hana budurwa ta faɗi abin da ke ranta a gaban iyaye, waƙar ce ke ɗauke da furucin. Bayan an gama ta mai kallo ya san an yi alkawari, ko da ba a faɗa a zance ba. Aiki ne cikakke irin na Propp, sai dai an rera shi.

An riga an tattauna irin wannan a kan finafinan maƙwabtanmu na Barkina Faso. Manthia Diawara ya nazarci Wend Kuuni na Gaston Kaboré, fim ɗin 1982, ya nuna yadda ya ɗauki zaren tatsuniya ya karkatar da shi don ya ƙalubalanci auren dole. Babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu ma sunan Yennenga take ɗauke da shi, gimbiyar da ruwayar Mosi ke cewa daga gidan sarautar Gambaga ta gudu a kan doki. Ga gimbiyar da ta ƙi zama lada, ta zama ita ce mai barin gida.

Dogon zango

Shekarun baya-bayan nan sun sake juya al'amarin. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka mamaye YouTube daga 2020. A Gana kuma tashar Adom ta sa wa Kumkum Bhagya na Indiya harshen Twi a 2015, kamar yadda Algaita ke yi wa finafinan Indiya da Hausa a Kano. Shiri mai dogon zango ba ya son sabon zama, domin ranar da aka zauna lafiya ranar kasuwarsa ta watse. Abin da ke riƙe da shi shi ne abin da Roland Barthes ya bayyana a 1970, wato ƙulla tambaya a jinkirta amsarta: wa ya sace ta, ɗan wane ne, yaushe za ta gane. Kowane kashi yana kwance ƙulli ɗaya ya ɗaura biyu, kuma mugun wannan zango yana iya zama mataimaki a zango na gaba idan masu sharhi a ƙarƙashin bidiyon sun nuna suna son sa.

Amma a wuri ɗaya Labarina ya gaskata tsohon Barashen nan, Propp. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayinta na Sumayya. An yi ta ce-ce-ku-ce na ɗan lokaci, wasu suka rantse sun daina kallo. Makonni kaɗan bayan haka gardamar da ake yi a shagunan caji ta koma kan wanda Sumayya za ta aura.